Ciwon Ƙirjin da Ke Bin Wata

Muna zaune a tsakar gida muna ɓare masara na fara tofar da jini. A Kafur ne, da kaka. Tari ya sarƙe ni, na kai gefen zani baki, da na duba sai na ga ja. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ita ma ta gani.

Ciwon kansa na daɗe da saninsa. Tun ina budurwa al'adata ba ta zuwa da sauƙi, mara ta yi ta murɗawa har sai na kwanta. Bayan aure sai suka ta ƙaru a ƙirji, ta gefen dama, ta hau har kafaɗa, numfashi ya gajarce. Na lura tare suke zuwa da jinin wata, tare suke tafiya. Amma wa zan gaya wa? Maigidana mutumin kirki ne, sai dai ba irin maganar da muke yi ba ce. Mai kemis ya ce gyambon ciki ne, na daina cin yaji, ban ga canji ba.

Washegarin tofar da jinin, Malam, maigidan nawa, ya ɗauke ni a babur zuwa wani ƙaramin asibiti a Funtua. Gwajin majina bai nuna komai ba, duk da haka aka ce tarin tibi ne, aka ɗora ni kan magani. Inna ta ware mini kofi da kwano. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Awara nake soyawa a lokacin, cikin mako guda masu saye suka ɗauke ƙafa. Na yi wata da watanni ina haɗiyar ƙwayoyi, ciwon kuwa bai saɓa lokacinsa ba ko sau ɗaya.

Wata safiya na sunkuya zan ɗauki bokiti, sai numfashi ya ƙi shiga. A asibitin Malumfashi aka ce huhuna na dama ya motse, aka huda tsakanin haƙarƙarina aka sa roba. Da na ɗan farfaɗo aka tura mu Zariya.

Likitar da ta duba ni a can mace ce. Ta ce wa Malam ya ɗan jira a waje.

"Ranar da abin ya same ki, kina sallah?"

Na ce, "Ina fashi."

"Ranar da kika tofar da jini fa?"

"Ita ma haka. Kullum haka ne, likita."

Ta ce, "An taɓa tambayar ki?"

Na girgiza kai.

Bayan hotuna da gwaje-gwaje ta faɗa mini sunan cutar, endometriosis. Ta ce irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne ya tsiro inda bai kamata ba, a marata, da kuma tantanin da ya raba ciki da ƙirji. Duk wata shi ma yana zubar da jini, ba shi da hanyar fita. Akwai allurar da za ta tsayar da al'adar. Muddin ina kanta, ba zan ɗauki ciki ba. A lokacin ban taɓa ko ɓari ba.

Da na gaya wa Malam, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ki karɓi allurar," ya ce. "Na ga yadda kika yi a Malumfashi."

Na karɓa. Tana sa ni zufa ko da sanyi, gaɓoɓina su yi ta ciwo kamar na tsohuwa. Bara na roƙi likitar ta bar ni in dakatar da allurar, in gwada ko Allah zai sa in samu rabo. Ta yarda, ba da son ranta ba. Da wata na biyu ya kama, sukar ta dawo daidai inda take, ina tsaka da wanki. Na zauna a bakin rijiya har ta ɗan sake ni, sannan na aika a kira Malam daga gona, na ce ya nemo mana motar Zariya.