Yaya Hauwa, Wadda Ta Shiga Ɗakin Tiyata Tana Dariya

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Hauwa. Na zauna da niyyar rubuta abin da zai sa hawaye, amma duk inda na taɓo a rayuwarta sai in tarar da dariya. Ku yi haƙuri da ni.

Mun zo Abuja ne a farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da duk inda ka waiga gini ake yi, wayar salula kuma ta fara shiga hannun mutane. Yaya sakatariya ce a wata ma'aikatar tarayya, ni kuma ina koyarwa a firamare. A Nyanya muke zaune, ƙofarta na kallon tawa. Kullum da safe mota ɗaya muke shiga, mu sha cunkoso har cikin gari, ita tana zolayar kwandasta, fasinjoji na dariya.

Ana cikin haka ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Likita ya ɗebi ɗan nama aka gwada, ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi girman da sai an cire nonon gaba ɗaya. Nan dangi suka taso daga gida da kiran waya. Kowa cewa yake kar a yarda a yanka, wai wannan ciwo ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Aka aiko da jiƙon saiwoyi a jarka. Ni ma hankalina ya tashi, na same ta a ɗaki ina kuka.

Ta ce, "Ke Amina, share hawayenki. Waɗanda ake cewa wuƙa ta kashe, a gida suka zauna har ciwon ya cinye su, sannan aka kwashe su aka kai. Ni da ƙafata zan je. Ku yi mini addu'a, likita ya yi aikinsa."

Ranar aikin, ana tura ta a gado zuwa ɗakin tiyata, ta kama hannun nas ta ce in ta fara minshari a rufa mata asiri, kar likitoci su raina ta. Ta fito da ɗinki tun daga tsakiyar ƙirji har hammata. Bayan ɗinkin ya warke aka yi mata allurai, sannan aka ce saura a yi mata gashi. Da ta ji kalmar sai ta tuntsire da dariya, ta ce duk tsiren da ta ci a duniya yau za a rama a kanta. Ashe ba wuta ba ce. Kwanciya ake yi a ƙarƙashin wani babban inji, ya haska wurin na ɗan lokaci, ba zafi ba komai, sai gajiya da duhun fata daga baya. Aka zana mata alamu a ƙirji da tawada, aka ce kar ta wanke. Ta ce tun ranar aurenta ba a yi mata zanen da ta lallaɓa haka ba.

Injin ɗaya ne a lokacin, mutane kuwa daga jihohi masu nisa. Wata rana a je a tarar ya lalace, a dawo gida. Yaya ta mai da layin nan zauren hira. Takan tafi da fulas ɗin kunu da kofuna, kafin a kira sunanta ta san sunan kowa da garinsu.

A bakin asibitin ta haɗu da Mama Ladi, wata manomiya daga Kuje, wadda aka sa wa ranar aiki amma ta ɗaure kayanta za ta gudu. Da Hausarta ta 'yan Kuje ta ce, "Hajiya, ni tsoro. Maƙwabciyana an yanka shi, bai dawo ba." Yaya ta ja ta ciki bayan labule, ta buɗe mata ƙirjinta, ta ce, "Duba da kyau. Ni fatalwa ce?" Mama Ladi ta shafa tabon da yatsa, sannan ta kwance kayanta. Har yau tana nan da ranta, tana noman doya.

Allah ya ƙara wa Yaya kusan shekara goma bayan aikin, kuma ba ta yi wasa da su ba. Ta sauke farali. Ta aurar da 'yarta Zainab, ta yi rawa a bikin har ɗankwalinta ya faɗi. Ta goya jika. Da ciwon ya dawo ta ƙashi, gashin ne dai ya rage mata raɗaɗi, ta samu tana sallarta a zaune cikin natsuwa. Ta cika a gida, muna kewaye da ita. Allah ya jiƙanta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Bara Zainab ta ji ɗan ƙullutu, ba ta bari ya kwana biyu ba ta tafi asibiti. Da yake an kama shi da wuri, ƙullutun kawai aka cire aka bar mata nononta, aka bi da gashi. Matar da ke gadon kusa da nata kuwa dajin hanji aka cire mata ta 'yan ƙananan huji a ciki, aka zura kyamara da siraran kayan aiki, likita na kallon allo. Washegari na gan ta tana takawa a baranda. Na san Yaya da sai ta ɗaga rigar baiwar Allahn nan ta leƙa, ta ce wannan ai cizon sauro ne, a nuna mata inda aka yi aikin. Amma na san kuma da ta leƙa layin gashi ta ga har yanzu akwai masu zuwa a makare, da ranta ya ɓaci, ta nemi kujera a tsakiyarsu.

Gidajenmu na Nyanya an rushe an yi shaguna. Hotunanta sun fara dusashewa, jikokinta ƙanana ba su san muryarta ba. Abin da ya rage shi ne a danginmu yanzu ba a raɗa in za a ambaci ciwon daji, kuma ba macen da ke ɓoye abin da ta ji a jikinta.

Da safiyar yau Zainab ta kira ni. Na ɗauka addu'ar cikar shekara za mu yi wa mahaifiyarta. Muka yi, muka shafa. Sai ta ce, "Anti, kin je gwajin bana?" Na ce ina dai shiri. Ta ce, "Shirin ya ƙare. Gobe da safe ina ƙofar gidanki, kuma ba zan kashe mota ba."

Na riga na goge mayafina.