Katin da Aka Wanke

Duk wanda ya yi aure ko suna tsakanin Fagge da Kwaciri a shekarun baya, da wuya a ce Baba Musiliu bai tsaya a gabansa da kyamara ba. Iyayensa daga Ogbomosho suka zo, amma shi haihuwar Fagge ne, Hausarsa har ta fi ta wasunmu gishiri. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne a bayan Bata, da labule mai zanen jirgin sama, wanda rabin samarin unguwa suka yi hoto a gabansa kamar masu shirin tafiya Makka. Mutum ne mai faɗa a kan aiki. In ka ƙifta ido ya ɗauka, sai ka sha masifa, kai ka ce fim ɗin gadon ubansa ne.

Abin dariya, mutumin da ya ɗauki fuskar kowa ba shi da hoton matarsa. Mulikat, wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Kwari, ba ta yarda da kyamara ba ko kaɗan. Da ya ɗaga sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba.

"Baba Azeezat, ni da kake gani safe da yamma, me za ka yi da hotona? Ka je ka ɗauki baƙi."

Da sojoji suka koma bariki, 'yan takara suka cika gari, kowa na son hotonsa a fasta yau-yau. Masu jiran fim suka ragu. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, don haka Baba Musiliu ya sayi kyamarar zamani, mai ɗan kati a ciki maimakon fim. Bai taɓa son ta ba. Kwamfuta kuwa ko taɓawa ba ya yi, sai dai ya kai katin Sabon Gari wurin Ambrose, tsohon abokinsa mai gyaran rediyo da ya koma harkar kwamfuta.

Katin ba ya cin hoto da yawa, nan da nan ya cika. Sai aikinsu ya zama iri ɗaya kullum: Ambrose ya soka katin a laftof ɗinsa, ya kwashe hotunan, sannan ya share katin tas don a sake aiki da shi. Wannan sharewar Ambrose ke kira wankewa. Baba Musiliu ya sha yi masa tsiya a kai, domin a wurin mai hoto na gaske, wanke hoto shi ne fito da shi a takarda. Amma yau da gobe, shi ma ya saba. In ya riga ya gama da hotunan kati, sai ya miƙa ya ce, "Wanke."

Ciwo ya kama Mulikat a shekarar da 'yarsu Azeezat ta haihu a Ilorin. Wata Juma'a da ta ɗan ji sauƙi, ta sa aka ɗauko mata leshinta shuɗi, ta ɗaura gwaggwaro da kanta, ta zauna a tsakar gida.

"Ɗauko abin naka," in ji ta. "Jikata ba ta san ni ba. Ka ɗauka ka aika mata."

Ya ɗauko kyamarar. Ya ɗauke ta tana hararar sa, ya ɗauke ta tana dariyar yadda ya rikice. Ya cire katin ya naɗe a hankici, ya ce sai ta warke za su zaɓa tare. Ba ta warke ba.

Bayan sadakar arba'in, Azeezat ta bugo waya tana kuka, tana roƙon hoton uwarta. Washegari Baba Musiliu ya tafi Sabon Gari. Jikinsa ne kawai ya je, hankalinsa na can shekarun fim, lokacin da Mulikat ke kawo masa abinci ƙofar ɗakin duhun da yake wanke hotuna tana mita. Ya tarar da shagon cike da jama'a. Ya miƙa katin.

"Ambrose, wanke min wannan."

"Duka, Baba?"

"Duka. Kada ka bar ko ɗaya."

Ya samu benci ya zauna yana jira. Ko minti biyu ba a yi ba Ambrose ya miƙo masa katin, ya ce an gama.

"Ina hotunan?"

Ambrose ya dube shi, ya dubi kwamfuta. Sai ya miƙe tsaye a hankali. "Baba, ba a kwashe ba? Na wane ne a ciki?"

"Na Iya Azeezat."

Wallahi da ya yi faɗan da ya saba, da abin ya zo wa kowa da sauƙi. Bai yi ba. Ambrose, wanda ya ci tuwon Mulikat ba sau ɗaya ba, ya dafe kai yana hawaye a gaban kwastomominsa. Baba Musiliu ne ma ya riƙa ba shi haƙuri, yana cewa abin da aka ce masa ya yi. Ambrose ya roƙe shi abu guda: kada ya sake ɗaukar komai a katin, domin ya ji ana cewa in ba a ɗora wani hoto a kai ba, wata rana akan samu mai iya dawo da su.

Ya kai katin wurare da dama, ba a dace ba. Shago ya rufe daga baya, idanu sun yi rauni. Amma katin na nan a hankicinsa, a aljihun gaba. Da Azeezat ta kawo jikar gida, yarinyar ta tambaye shi ina hoton kakarta. Ya kwance hankicin, ya ɗora mata ɗan katin a tafin hannu.

"Tana ciki," ya ce. "Ta sake rufe fuska ne."