Barakatu da Labarin Gonar Dawa

A bayan kasuwar hatsi ta Funtua akwai wata rumfar kwano inda mata ke gyara wa 'yan kasuwa masara da waken soya. A nan na san Barakatu. Ranar da na fara zuwa aiki, ita ce ta miƙo min faifai, ta nuna min inda zan tsaya iska ta riƙa kwashe ƙaiƙayi ba tare da ta watsa wa mutane a ido ba. Kafin in gama buhun farko ta sauya wurin zama ya fi a ƙirga. Haka take. In hannunta na tsintar tsakuwa, ƙafarta na kaɗawa. In an ce a huta, sai ta miƙe ta leƙa titi, ta dawo, ta sake leƙawa, ba kuma wani take jira ba.

A wani ƙauye gefen Bakori aka haife ta. Ta gama firamare, ta ɗan taɓa sakandare, sannan ta auri Murtala, wanda a lokacin yake acaɓa, yanzu kuma yana jan keke napep tsakanin tasha da cikin gari. 'Ya'yansu uku. Babbar ita ce Fiddausi, yarinya mai surutu, wadda ke firamare a shekarar da abin nan ya faru.

Abu ɗaya ne ke iya zaunar da Barakatu, shi ne karatu. Tana cikin wani guruf na wasap inda marubuta ke turo labarai kaɗan-kaɗan, yau shafi, gobe shafi. Yawancinmu a rumfar ba mu da saurin karatun boko, wasu ma ba su iya ba sam. Don haka in mun yi azahar muka zauna cin abinci, sai ta ciro wayarta mai tsagaggen gilashi ta karanta mana. Tana sauya murya, ta yi ta tsoho, ta yi ta budurwa mai yanga. Kusan duk labaran na soyayya ne. Mu yi dariya, mu zagi saurayin da ya ci amana, mu koma kan buhunanmu.

Ƙarshen daminar nan, lokacin da sabuwar masara ta fara shigowa, wata marubuciya da ba mu saba da ita ba ta turo wani labari daban. Yara mata biyu ne, ƙawaye tun suna rarrafe, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Hanyar makarantarsu ta ratsa ta cikin gonar dawa. Da dawar ta yi tsawo ta rufe hanya, sai ƙaramar ta fara jin ana kiran sunanta daga cikin gona da muryar ƙawarta, alhali ga ƙawar a gefenta riƙe da hannunta. Babu jini a labarin, babu dodo. Ƙananan abubuwa ne kawai. Kara ya motsa babu iska. An ajiye alewa biyu a kan dutse a bakin hanya. Babbar yarinyar ta daina magana, ta daina cin abinci, in an tambaye ta sai ta ce ba komai.

Ranar farko, Barakatu ba ta kai ƙarshen shafin ba Hajjo, wadda ta girme mu duka, ta ture kwanonta.

"Ke Barakatu, rufe wayar nan. Tsigar jikina tashi take yi. Wannan ai aikin aljanu ne, ba a ambatonsu da tsakar rana."

Washegari Hajjo ce ta fara tambaya ko an turo ci gaban.

Daga nan rumfa ta rabu. Wasu suka bi bayan Hajjo. Wasu suka ce ƙaramar yarinyar ce kanta ya taɓu, babu mai kiran ta. Akwai wata Ummukulsum da ba ta cika magana ba, wadda suka baro ƙauyensu ita da 'ya'yanta saboda 'yan bindiga. Tana sauraro tana tsintar wake ba ta ɗaga kai. Sai rannan, ana cikin gardama, ta ce a hankali, "Ba aljani ba ne, Iya. Aljani ba ya sayen alewa." Daga ranar, in an fara karatun sai ta ɗauki faifanta ta koma bakin titi, amma inda take jin muryar Barakatu.

A cikin guruf ɗin ma haka aka rikice, kuma Barakatu na karanta mana abin da mutane ke cewa. Wata tana roƙon marubuciyar don girman Allah kada ta kashe ƙaramar. Wata ta ce ta fita daga guruf ɗin, ita ba ta zo a hana ta barci ba, bayan kwana kaɗan kuma ta roƙi a mayar da ita. Wata ta ce tun da ta fara karantawa take tuna ƙawarta ta yarinta, har ta nemo lambarta. Wata kuma ta ce bai dace a riƙa tsorata mutane ba a wannan zamani da tsoron gaske ya ishi kowa.

Ni dai Barakatu nake kallo. Ta daina sauya murya. Karatun ya koma da sauri, kamar mai son ta wuce wani wuri. Sai ta fara barin buhu rabi ta tafi rakiyar Fiddausi makaranta, alhali makarantar a bayan layinsu take, babu ko gona ɗaya a hanyar. Ta hana yarinyar zuwa gidan ƙawarta da suke tafiya Islamiyya tare. Fiddausi ta yi kuka har ta gaji.

Wata rana Murtala ya tsayar da kekensa a gaban rumfa, ya gaishe mu, ya kira ta gefe. Muryarsa ba ta ɓoyu ba.

"Maman Fiddausi, wai me yarinyar nan ta yi? Uwar ƙawarta ta tare ni tana tambaya ko sun yi mana laifi."

"Ba su yi komai ba."

"To labarin waya ne zai raba yara? Abin da wata ta zauna a ɗakinta ta ƙirƙira?"

"Ni dai a bar ni, Malam. Hankalina ne bai kwanta ba."

Ya girgiza kai, ya tayar da keke ya tafi.

Da yammacin ranar muna tafiya gida ta gaya min dalili. Tana ƙarama tana da ƙawa, Tani, 'yar unguwar Maguzawa da ke ƙetaren rafin ƙauyensu. Tare suke zuwa itace, tare suke roron gyaɗa. Baban Barakatu ba ya son abin sosai, amma bai hana ba. Wata rana suna dawowa ta wata siririyar hanya tsakanin gonakin dawa, sai wani namiji ya kira sunanta daga cikin gona. Ba da ƙarfi ba, a hankali, kamar wanda ya san ta. Ta juya za ta amsa, Tani ta fizgi hannunta suka zuba da gudu, har ta yar da takalmi. Da suka isa rafi Tani ta ce kada ta gaya wa kowa. Ba ta gaya ba. Bayan 'yan shekaru aka kai ta makaranta, su Tani kuma suka tashi, zumunci ya yanke.

"Na manta da shi, wallahi," in ji ta. "Sai da matar nan ta rubuta. Yanzu ko ina shiƙa jin muryar nake."

Muna ta jiran ƙarshen labarin ya warware mana, sai ya zo bai warware komai ba. Iyayen babbar yarinyar suka tashi daga garin ba sallama. Ƙaramar ta girma, ta dawo bayan shekaru, ta tsaya a bakin gonar, aka kira sunanta. Shi ke nan. Hajjo ta ce wannan cin amana ne. A guruf aka yi ta zagin marubuciyar, wasu kuma na cewa ba su taɓa karanta abin da ya kai shi ba. Barakatu ta ajiye wayar a kan buhu, ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa.

"To wa ke kiran?" ta ce. "Ni sai na ga Tani."

Ranar kasuwar Bakori na raka ta. Muka bi layin masu daddawa da barkono tana tambaya, har muka dace da wata dattijuwa da ta san gidansu. Ta ce Tani ta yi aure can wajen Malumfashi, ta kwatanta mana ƙauyen. Na ce mu bari sai wani lokaci, Barakatu ta riga ta nufi tasha. Daga inda bas ta sauke mu muka hau mashin, kuma hanyar duk dawa ce hagu da dama, ta fi kanmu tsawo, zangarniya na rangaji. Ina bayanta ina jin jikinta ya sandare.

Mun tarar da Tani a ƙofar gida tana shanya barkono a kan tabarma, doguwa, baƙa, da ɗankwali ɗaure tamau. Ta amsa sallama, ta dubi Barakatu, ta sake dubanta, sai ta saki kwandon.

"Barakatu? Ke ce? Har yanzu ba ki iya tsayuwa wuri ɗaya ba?"

Suka rungume juna suna dariya da hawaye. Aka kawo mana ruwa da dafaffiyar masara. Aka tambayi iyaye, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, aka lissafa 'ya'ya. Barakatu ta kasa cin masarar, tana ta juya ta a hannu, har ta yi tambayar da ta kawo ta.

Tani ba ta yi mamaki ba. "Ai mutumin nan ne mai sayen auduga, wanda ke zuwa da keke. Kin manta shi? Har gidanku yana shiga ya sha fura."

Barakatu ta buɗe baki. "Kin san shi?"

"Na san muryarsa. Ya taɓa kira na kafin ranar, ya ce in zo in karɓi abu, ban je ba. Da na ji ya kira ki, na san ke za ki je, don ba ki da wayo lokacin."

"Amma kika ce kada mu faɗa."

"Ke na ce kada ki faɗa. Ni ina isa gida na gaya wa innata. Ita ta gaya wa kawu Ɗanasabe. Kawu da 'yan'uwansa suka tare mutumin a hanyar rafi, ban san me suka ce masa ba, amma kin sake ganin sa a ƙauyen?"

Barakatu ta yi tunani. "A'a."

"To. Innata ce ta ce kada a kai maganar gidanku. Ta ce in babanki ya ji, zai ce yawo da 'yar Maguzawa ne ya jawo, ya hana ki ƙetare rafi. Ni kuma ba na son a hana ki."

Barakatu ta miƙe ta yi taku zuwa bakin danga ta dawo. Fuskarta ta kasa zaɓar tsakanin fushi da dariya. "Tani, shekara da shekaru! Ni ina ɗauka mu biyu kaɗai muka sani, ashe har an gama da maganar."

"Da kin zo kin tambaya," in ji Tani, ta tura mata kwanon masara.

Ba zan ce daga ranar Barakatu ta natsu ba, don ba ta natsu ba. A hanyar dawowa ma sai da ta yi ta juya maganar: in da Tani ba ta je itace ranar ba fa, in da mutumin ya koma wani ƙauye ya ci gaba fa. Wannan tambayar ta biyu babu mai amsa mata, kuma har yau takan tayar da ita. Amma ta je da kanta gidan ƙawar Fiddausi ta ba uwar haƙuri, yaran suka koma tafiyarsu tare. Sai dai kullum suka dawo takan zaunar da su duka biyun, ta tambayi wa suka gani, wa ya yi musu magana, har Fiddausi ta fara cewa Mama ta zama 'yar sanda.

Da ta ba matan rumfa labarin tafiyar, Hajjo ta ce duk da haka na cikin waya aljani ne. Ummukulsum kuwa ta dawo da faifanta cikin rumfa.

Tani ba ta karatu, sai dai ɗanta Jibril yana da waya. Barakatu ta karɓi lambarsa, ta zauna ta karanta labarin gonar dawar tun daga farko, ta riƙa tura wa da murya. Bayan 'yan kwanaki amsa ta zo, ta kunna mana a rumfa. Ana jin kaji da kukan akuya a bayan muryar Tani.

"Ƙawa, na ji na farko da na biyu. Ya isa haka. Gobe zan shiga yankan dawa ni kaɗai, kada ki sa in riƙa waiwaye. In akwai na soyayya, turo min shi."