Tankin ruwan da na yi wa dariya

Safiyar Juma'ar nan na tarar da yayata Zainab, malamar makaranta, tana kallon wani tsohon shirin talabijin marar kala a falonmu na unguwar Ka'akiyya a Makka. Darasi take shirya wa ɗalibanta.

A shirin, jirgin halittun wata duniya ya sauko, wani magidanci ya ruga ya shige tankin ruwa. Jirgin kuwa murfin tukunya ne, har zaren da ya riƙe shi ina gani.

Na fashe da dariya. "Yaya, wallahi wane wawa ne zai ɓuya a tanki?"

Ta ce, "Lokacin da aka yi shi, mutanen ƙasar da ta yi shi kullum jiran bam suke. Abin da nake so yara su tambaya ke nan kafin su yi dariya: me waɗannan suke tsoro?"

Na ce, "Ko ma mene ne, namiji a tanki?"

Sai Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Ni na shiga, ya waladi. A unguwar Misfala, kafin in samu iƙama, takardar zama, ranar da aka zo kamen marasa ita. Tun hantsi har la'asar, ruwa iya wuyana. Lokacin uwarku na da cikinka."

Ya saka takalmi ya tafi Harami, bai jira ni ba.

Jama'a, da wane baki ake ba uba haƙuri a kan wannan? Ba a ɓoye na yi ba. Umma na tsaye a ƙofar kicin, maƙwabcinmu Malam Salihu kuma ya shigo ke nan.