Irin Karas na Ƙanina

Ni na koya wa ƙanina noman karas. Ko shi ba ya musu. Lambunanmu a jere suke a bakin dam ɗin Kazaure, kunya ɗaya ta raba mu. Iri kuwa na gwangwani muke saye duk shekara, don karas ɗin da muka sani ba ya fure a ƙasarmu, balle ya ba da iri.

Wata shekara ya bi ta Ɓaɓura ya shiga Nijar cin rani, ya dawo da ɗan iri ƙulle a leda. Ya shuka. Da ya nuna, sai na hango shi zaune da wuƙa. Ya tuge karas, ya yanke shi biyu, ya duba cikinsa, ya ɗanɗana. Wani karas ɗin sai ya jefa shi a buhu. Wani kuma sai ya mayar da guntunsa cikin ƙasa ya ba shi ruwa.

Na ce, "Kai, jana'iza kake masa?"

Ya ce, "Zo ka gani mana, Yaya."

Na ce ina da aiki.

Guntayen nan suka toho, suka yi farin fure, ya tara iri. Shekara uku yana wannan yanka da binnewa. Karas ɗinsa ya fito ja wur, miƙaƙƙe, ga zaƙi. Mutanen Roni da Gwiwa suka fara zuwa a babur neman irinsa. Ta cikin lambuna suke wucewa, su yi min sallama a tsaye, su je wurinsa su durƙusa. Har malam suke ce masa. Mutumin da na ciyar da hannuna bayan rasuwar iyayenmu, shekarar da muka ci dusa. Idan na ji dariyarsu sai in ƙara wa injin ban ruwa wuta.

Na rantse ba zan roƙe shi ba.

Sai ga wasu tsirrai a gefena, daga irinsa da ya zube. Ba yanka, ba binnewa, da kansu suka yi fure tun da wuri. Na ce Allah ya kawo min har gida. Na kewaye su da ƙaya, na tara irin, ban gaya wa kowa ba. A shekarar ban sayi gwangwani ba, lambun duka na shuka da shi.

Kafin saiwa ta yi kauri, lambun ya yi fari fat da fure. Na tuge ɗaya. Siriri, fari-fari, tauri kamar itace. Na tuge goma, haka. Abincin gidana na rani ke nan.

Ƙanina ya zo ya tsaya a kan kunya, ya daɗe yana kallo.

"Yaya, masu saurin furen nan ai tuge su nake in ba awaki. Abin da uwar ta yi, shi 'ya'yan ke yi. Da ka tambaye ni."

"Ni in tambaye ka?"

Ya juya ya koma lambunsa.

Da lokacin shuka ya zagayo, matarsa ta kawo wa matata kwano a rufe, kamar abinci. Iri ne. Kwana shida yana ajiye ban taɓa ba. Matata ta ce, "Malam, girman kan za mu dafa?" Na shuka.

Ya yi kyau. Ban taɓa yin karas kamarsa ba. Ranar ɗiba wani mai saye daga Kano ya goge ɗaya a rigarsa, ya gatsa, ya ce, "Baba, wannan irin wa ye?"

Na daɗe ina ɗaure bakin buhu kafin na faɗa masa.