Shanun Baffa a Ƙofar Sauri

'Yan uwa, ku ji abin da ya faru da ni yau!

Kun san Baffa, surukina, tsufa ya taɓa mishi tunani. Da safe ina yi wa ɗiyata Ummi wanka, ina juyowa ba shi kan tabarma. Innalillahi! Kuma ni aka bar wa amanarsa. Na goya yarinya na fita.

Mai shayin Ƙofar Kwaya ya ce ya ga ya bi gefen ganuwa. Na bi. Na ratsa rafi, na bi ta bayan lambuna, har Ƙofar Sauri a ƙafa. Ashe tsohon burtalin da yake kora shanu yake bi!

Na same shi tsaye bakin get ɗin wani gida da aka gina kan hanyar, yana cewa, "Ku buɗe, shanu za su wuce."

Baffan da rabonsa da saniya tun ba a haife ni ba!

Maigidan ya fito. Na fara ba shi haƙuri ina kuka. Ya ce, "Bari, ɗiyata." Ya wangale get ɗin, ya koma gefe.

Baffa ya jira har ta ƙarshe ta wuce a idonsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Sun cika. Mu tafi gida."