Yau Yaya Ɗanlami ya kunna fanka da kansa

Jama'a! Da safen nan labarin ya same ni ina cikin Keke zan tafi aiki, sai da na ce wa direban ya tsaya na sauka. Yayana Ɗanlami ya kunna fanka da kansa.

Na san wani zai ce, to sai me? Ku yi haƙuri ku karanta.

Shekara huɗu ke nan da bas ɗinsa ta kife a hanyar Bida. Tun daga ranar, daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi sai babban yatsansa na hagu. Komai sai ya kira matarsa, Anti Hauwa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ya daina kiran. Kun san zafin Minna. Sai a shiga a tarar gumi ya jiƙa filo, ga fanka a gabansa, ya yi shiru don kada ya dame ta.

Wannan rubutun saboda Bitrus na yi shi, abokina mai gyaran talabijin a Bosso.

Dikoda ya je gyara musu. Ya gama, ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya ce, “Oga direba, wanne ne yake motsi a jikinka?” Yaya ya ɗaga yatsan. Bitrus ya ce, “Wannan ya ishe mu.”

Ya karɓi tsohuwar laptop ɗina, ya haɗa wani ɗan akwati da bai fi na ashana ba, ya dasa masa ɗan ƙwan nan da ke bakin rimot. Ya koya wa akwatin saƙon kowane rimot na gidan. Hotuna na wucewa a laptop ɗaya bayan ɗaya: fanka, talabijin, rediyo. Idan ya zo kan wanda Yaya yake so, sai ya danna ɗan maɓalli da yatsan, akwatin ya harba haske irin wanda ido ba ya gani.

Ranar gwaji ya yi aiki. Mun yi ihu har maƙwabta suka leƙo.

Bitrus na fita, abu ya mutu.

Ya dawo, ya yi aiki. Ya tafi, ya mutu. Haka muka yi sati uku. Ya canza waya, ya canza ƙwai, ya zagi laptop ɗina da iyayenta. Ni har na fara tsokanarsa cewa shi kaɗai akwatin nan yake tsoro. Amma Yaya ba dariya yake yi ba. Ya ce min, “Ƙanena, ku ɗauke abin nan. Na riga na haƙura, kuka zo kuka sa ni sa rai.”

Jiya bayan la'asar na je shagon Bitrus in gaya masa a haƙura. Ya ajiye abin da yake yi, ya ce, “Kar ka kira su. Mu je yanzu, kuma za mu bar mashin a bakin layi.”

Muka yi sallama muka shiga. Ga akwatin can a kan kantar ɗaki, an lulluɓe shi tsaf da farin ƙyalle mai ado, irin wanda Anti take rufe kwanukan aurenta da shi.

Ashe da ta ji ƙarar mashin ɗinsa take yayewa, don mai aiki ya yi aikinsa. Yana fita take mayarwa. Ta ce, “Haba Bitrus, abu mai daraja haka a bar shi ƙura ta hau?”

Bitrus ya yi dariya har ya zauna daɓas. Ya ce, “Madam, sati uku ban gane kaina ba, ashe ke ce injiniya!” Ya buɗe kyamarar wayarsa ya nuna mata yadda ƙwan yake ƙyaftawa, ya sa ƙyallen, hasken ya ɓace. Anti ta kama baki.

Yaya dai ya ƙi gwadawa. Bitrus bai matsa ba. Ya ɗaura masa maɓallin a yatsa, ya ce, “Oga, ba dole. Yana nan yana jiranka.”

Sai saƙon murya na Anti yau da safe, kuka da dariya a haɗe. Ta ce bayan ta gama share-share ta kishingiɗa a kan tabarma kusa da gadon, barci ya ɗauke ta cikin gumi. Iska ce ta tashe ta. Ta buɗe ido, fanka na juyawa, Yaya na kallonta.

Ya ce mata, “Shekara huɗu kina kunna min. Koma ki kwanta, yau ni ne a bakin aiki.”

Bitrus, ba ni da bakin gode maka. Allah Ya albarkaci hannuwan nan naka, Ya ba ka mai tsaya maka ranar da kake buƙata. Allah Ya ƙara wa Yaya sauƙi, Ya saka wa Anti Hauwa da alheri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su ukun nan a addu'a.